Ranar da Galon Baba Ya Dawo Ba Shi

Gidanmu yana cikin tsohon garin Agadas, ba nisa da babban masallaci, kuma gidan dukawa ne tun kaka da kakanni. Duk wanda ya shigo zaure, warin fata ne ke fara yi masa maraba kafin mutanen gida. Mu da aka haifa a ciki ba ma jinsa. Sai da na shiga lakwal, wato makarantar boko, wata yarinya ta toshe hanci ta ce ina warin alabe, ni kuwa na nuna mata cewa hannun badukiya ba ɗinki kaɗai ya iya ba.

Mai gidan a zahiri ita ce kakata ta wajen uba. Gajeruwa ce, mai faɗin hannu, yatsunta sun yi kanta saboda basilla. Sunanta aka sa mini, don haka Takwara take ce mini, in kuma na ɓata mata rai sai ta ce a dawo mata da sunanta tunda ban iya riƙe shi ba. Da rana ba a ganin haƙoranta, tana duƙe kan alabe da kube da kayan sirdin raƙumi. Amma lokacin sanyi, da an idar da magariba, ido ya daina ganin ramin ɗinki, sai a hura wuta a tsakar gida, ta miƙe ƙafa tana goga wa zare kakin zuma na aikin gobe. Ni da ƙannena biyu da ƴaƴan maƙwabta mu kewaye ta har kiran isha.

Ba ta cika yi mana tatsuniyar namun daji ba. In muka roƙa sai ta ce, “Kura ba ta taɓa sayen takalmi wurina ba, mi ya haɗa ni da ita?” Labarinta kusan kullum na wata masarauta ce da ta yi zamani kudu da duwatsun Ayar, wadda kakanninmu suka yi wa dukanci kafin su hauro nan. Ba ta taɓa faɗa mana sunan garin ba. Ta ce rairayi ya cinye sunan tare da ganuwar.

Abin da ta fi so ta lissafa shi ne manyan yaƙin ƙasar, kuma ba ta takobi ko doki take gane su ba, ta hamila take gane su, wato maɗaurin fatar da ake rataya takobi da shi a kafaɗa. A wancan gari, in ji ta, ba ka bukatar tambayar wane ne wane, hamilarsa za ta faɗa maka. Barde yana da tuntu guda, baƙi. Jarmai biyu, ja. Madawaki uku, da zoben tagulla a inda hamilar ta haɗu. Kaura shi kaɗai ake yi wa da koriyar fata, irin wadda ake wahalar rinawa, kuma in wani ya kuskura ya rataya kore ba a naɗa shi ba, a bakin kasuwa ake tuɓe masa. Sarkin Yaƙi, wanda duk suke ƙarƙashinsa, farar hamila ce da shi, ba tuntu ko guda, sai gashin jimina a rawani. Na taɓa ce mata an cuce shi. Ta ce, “Wanda kowa ya san fuskarsa, mi zai yi da tuntu? Ƙananan ne ke bukatar abin kaɗawa.” Mun haddace wannan jeri fiye da yadda muka haddace karatun lakwal, har mukan yi faɗa kan wanda zai zama Kaura.

Babana shi ne ɗanta na fari, shi ne kuma ya bar basilla ya shiga soja. Saboda kunyar ɗan fari Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. “Sojanku” take cewa, kamar wani ne ya haifa mana shi. Da aka ba shi muƙamin kafaran, wato kofur, ya zo hutu da galonsa, ƴan ƙyallaye biyu ja da ake ɗinkawa a hannun riga. Bai ba ta ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ya dai manta rigar a kan tabarmar da take aiki, da galon a aljihu, ya fita gaishe-gaishe. Da ya dawo ya tarar an ɗinke su da zaren dukawa, irin ɗinkin da sai rigar ta mutu ta bar shi. Bayan nan aka tura shi can wajen Bilma, a shekarun da hanyar arewa ba ta da lafiya, kuma babu waya a hannun kowa. Labari sai wanda mota ta kawo.

Ina da kamar shekara tara abin ya faru. Kaka ta tafi garin Timiya bikin suna, ƙanen Baba ya raka ta. Da hantsi wani mai babbar mota da ya kawo gishiri da dabino daga Bilma ya yi sallama, ya miƙo ɗan ƙulli a tsumma. Ya ce wani soja ne ya ba shi a tasha, mota tana shirin tashi, ya ce a kai gidan dukawa, gidan Kafaran Alhasan. Inna, mahaifiyata, ta tambaye shi ko ya ga kafaran ɗin da idonsa. Ya ce a'a, shi bai ma san shi ba.

Inna ta kwance ƙullin a tsakar gida. Galon Baba ne, duka biyun, ba takarda, ba komai.

Inna ƴar garin Tawa ce, ɗiyar ƴan kasuwa, aure ne ya kawo ta gidan dukawa. Abu guda ta sani game da kayan soja da ke dawowa gida ba mai su: shekara guda kafin nan an kawo wa maƙwabciyarmu Mariyama hular mijinta da galonsa, shi ke nan abin da ta samu nasa. Mariyama ce kuwa ta fara shigowa. Tana ganin abin da ke hannun Inna ta rufe baki da mayafi ta zauna a ƙasa. Kafin azahar gidanmu ya cika da mata. Ba wadda ta yi gaisuwar mutuwa, ba kuma wadda ta yi wata maganar. Wani dattijo maƙwabcinmu ya je barikin soja, ya dawo ya ce ba su da wani mugun labari, amma sun ce saƙo daga can yakan ɗauki lokaci. Wannan amsa ba ta kashe Baba ba, ba ta kuma raya shi ba.

Kwana biyu muka yi a haka. Inna ba ta ɗora tukunya ba, maƙwabta ke aiko mana. Ni tsoro ya hana ni kuka, don gani nake in na yi kuka abin ya tabbata. Na san jerin manyan yaƙi da tuntayensu, amma Kaka ba ta taɓa kai mu wurin da ake mayar da hamila gida ba, don haka sanina bai amfane ni da komai ba.

Rana ta uku, gab da magariba, Kaka ta sauka daga motar Timiya da kwandon lemu da rumman. Tun a zaure ta ga takalman mata. Ta shigo, ta dubi Inna, Inna ta miƙa mata ƙullin. Hasken rana ya riga ya tafi. Kaka ta juya galon a hannunta, ta bi gefensu da babban yatsa, ta ƙulle su a bakin zanenta. Fuskarta ba ta nuna mana komai ba. Ta yi alwala, ta yi salla, sannan ta ce, “A hura wuta. Ɗiyar Tawa, ɗora tukunya, na kwaso yunwa.”

Matan suka dubi juna. Na ji wata tana raɗa cewa kunyar ɗan fari ma tana da iyaka. Kaka ta ji sarai. Ta zauna inda ta saba, ta ɗauko zarenta da kakinta, ta ce, “Takwara, tara mini rundunarki. Manyan ma kada wadda ta tafi, yau labarin na kowa ne.”

Ga abin da ta ba mu, gwargwadon yadda na riƙe.

A waccan masarauta, duk hamilar manyan yaƙi daga gidan dukawa guda take fitowa, kuma can take komawa. In mutum ya faɗi a fagen fama, abokansa su sa wuƙa su datse hamilar, a kai wa iyalinsa. In kuwa ƙarin girma ya samu, shi da kansa zai zauna ya warware tuntun, zare bayan zare, ba ya yanka ko guda, ya aika gidan dukawa don su san aiki ya same su, su fara yanka sabuwa kafin runduna ta dawo. Kowa a garin ya san wannan.

Wata shekara mahara suka tare rijiyoyin da ayari ke sha, Sarkin Yaƙi ya fita da runduna. A cikinsu akwai wani Barde, mutum mai son ci, wanda aka fi sani da girman loma fiye da girman takobi. Bayan wata guda sai ga manzo a kan raƙumi da hamilar Barden. Manzon baƙo ne, ba ɗan garin ba. Ya tambayi yara a bakin ƙofa ina gidan Barde, suka nuna masa, ya miƙa ya wuce. Matan gida suna ganin hamila ba mai ita suka ɗora hannu a ka. Ba wanda ya tsaya dubawa. Aka shimfiɗa tabarmi, matarsa ta shiga takaba, mutane suka yi ta zuwa.

Tsohuwar badukiyar da ta ɗinka hamilar ita ma ta zo gaisuwa. Da ta gama, ta ce a nuna mata aikinta ta yi ban kwana da shi. Aka kawo. Ta duba ta ga fatar lafiya lau, tuntun a kwance, kowane rami na basilla yana nan a buɗe, ba wanda wuƙa ta taɓa. Sai ta ce a naɗe tabarmin nan. Aka ce tsufa ya kama ta. Maganar ta kai gaban Sarki, ya kira ta, ya ce, “Kin san nauyin abin da kike faɗa? In kin sa wa matar nan rai a banza, hannunki ba zai sake taɓa aikin fada ba.” Ta ajiye basillarta a gabansa ta ce ya riƙe har runduna ta dawo.

A nan Kaka ta dakata, ta ja zare ta cikin kaki a hankali. Ba mu take kallo ba, Inna take kallo, wadda ke tsaye bakin murhu da muciya a hannu. Ta ce, “Tsohuwar nan ta ce da Sarki, ranka shi daɗe, wanda ke cikin tashin hankali yanka yake yi. Warwara sai mai lafiya, wanda ya ci ya ƙoshi, ya sami inuwa ya zauna. Kuma ba mai haƙurin warware ɗinkin gidanmu sai wanda ya san wahalar yinsa.”

Gidan Barde dai ba su naɗe tabarmi ba, suka yi sadakar uku, suka yi ta bakwai. Washegarin ta bakwai aka ji tambari. Runduna ta shigo, ga mutuminku a gaba, an yi masa Jarmai, ya rataya takobinsa da igiyar raƙumi yana jiran sabuwar hamila. Ya shiga gida ya tarar ana wanke ƙoren sadakarsa. Da aka ba shi labari bai yi fushi da komai ba sai abu guda. Ya ce, “Yanzu duk wainar nan da aka toya da sunana, ba wanda ya ajiye mini ko guda?”

Yara muka fashe da dariya, mun manta a gidan da muke. Wata daga cikin matan ma ta yi, ta yi saurin rufe baki. Kaka ta kwance bakin zanenta, ta miƙa wa Inna galon, ta ce, “Ɗiyar Tawa, ni ban san aikin soja ba. Aikina na sani. Shafa nan. Kin ji tsinin zare? Kin ji inda aka yanka?” Inna ta shafa, ta girgiza kai. Kaka ta ce, “To. Sojanku shina can shina cin abinci. Ya ji labarin nan a bakin wutar nan tun bai kai Takwara ba. Ni ya aiko wa, ya tarar ba ni gida, shi ke nan laifin.”

Inna ta zauna a kan turmi, sai a lokacin ta yi kukan da ta riƙe kwana biyu, amma kowa ya ji ba irin na mutuwa ba ne. Mariyama ce ta karɓi muciyar ta ƙarasa tuwon. Ban taɓa cin tuwo mai daɗin na wannan rana ba, ko da yake ya yi gudaji, miyar ma ba gishiri. Na yi barci kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Bayan kwana goma sha wani abu takardar Baba ta iso, wadda wani abokin aikinsa ya rubuta masa, cewa an ba shi sarjan, wato saje. Bayan wata biyu shi da kansa ya zo hutu, ya yi baƙi, ya rame, da sabon galo mai ruwan zinariya a aljihu. Da Inna ta ba shi labarin kwana biyun nan ya riƙe kai. Ya ce shi ya ga takarda sai an kai wa wani a waje ya karanta, shi ya sa ya fara aiko da abin da ake iya karantawa a cikin gida. Inna ta ce nan gaba in zai aiko da wasiƙar dukawa, ya fara tambaya ko mai karatun tana gari. Kaka kuwa tana ɗakinta, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango, ta ce, “A gaya wa sojanku hannunsa ya yi nauyi, ya faɗaɗa mini rami biyu.” Ya fita yana dariya, ya sake manta rigarsa a kan tabarma.

Na girma ina ɗaukar darasin labarin a matsayin a duba kafin a yi kuka, kuma ina alfahari cewa kakata ta kalli ƙyalle biyu ta san abin da ke faruwa a Bilma. Haka na riƙa ba ƴaƴana shi. Sai bayan rasuwar Kaka da shekaru, wata rana ina taya Inna tsintar shinkafa, na sake kawo zancen, ina yabon idon tsohuwar. Inna ta yi murmushi ta ce, “Wane ido? A lokacin nan kakarki da magariba ko fuskar mutum ba ta rarrabewa.”

Ta ce washegarin labarin, da ta fito ɗibar ruwan alwala, ta tarar da Kaka a bakin ƙofar ɗakinta, a zaune, da kayan da ta dawo da su daga Timiya a jikinta, shimfiɗarta ko taɓawa ba ta yi ba. Jira take gari ya waye. Da haske ya fito ta ɗaga galon sama, tana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Yatsa ya gaya mata warwara ce, amma yatsa yakan yi kuskure, kuma akwai wani gefe da ya tattare wanda ba ta tabbatar da shi ba. Ashe lokacin da take ba mu labarin Barde mai son waina, ita kanta ba ta gama sani ba.

Na daɗe ina juya wannan. Da farko na so in ji haushi, don gani nake ta yi caca da zukatanmu. Amma yanzu ni ma na haifa, nawa ɗan farin yana bin motoci hanyar Jado, can cikin hamada, kuma na san yadda gida ke kallon fuskar babba in waya ta ƙi shiga. Na gane cewa al'ada ta hana Kaka ta ce tana tsoro, ta hana ta kiran sunan ɗanta, ta bar mata labari kaɗai, ita kuwa ta yi aiki da abin da aka bar mata. Ba ta yi mana ƙarya ba. Ta faɗi abin da hannunta ya ji, ragowar shakkar ta riƙe ita kaɗai, ba ta raba wa kowa ba. Har yau in na tuna, tausayinta da godiya ne ke kama ni tare.

Inna ta ce da Kaka ta kai rami na ƙarshe ta ga shi ma lafiya yake, sai ta sauke hannu, ta jingina da bango, ta ce a ba ta ruwa. Ta sha ƙwarya guda ba ta huta ba. Inna ta durƙusa kusa da ita ta ce, “Iya, to da kin tarar yankawa aka yi fa?”

Kaka ta goge baki da bayan hannu ta ce, “Da kun riga kun ci tuwo, kun yi barcin dare guda. Shi ma ba kaɗan ba ne, ɗiyata.”